Launukan Tullio

Daren Talata na bar ta a kunne.
Ta ce za ta sabunta kanta in na yarda.
Na ce to, na ja ƙofar shago,
iskar bora na fizgar igiyoyin jirage a tashar Trieste
kamar mai neman faɗa.

Da safe na tarar da allo fes,
an yi mata wanka, an sauya mata riga,
har da gaisuwa: barka da zuwa.
Fayil dubu da ɗari huɗu da sittin
sun jeru kamar farantan asibiti,
duk fari, duk ɗaya.

Shekara goma sha tara Tullio yana shafa musu launi
da yatsa ɗaya, tabarau a karan hanci,
warin kwalta da man inji a hannun rigarsa.
Ja, wanda ya ci bashi ya yi kunnen uwar shegu.
Kore, an biya, an sha kofi, an rabu lafiya.
Rawaya na masunta ne, a jira su sai kifi ya dawo,
kar a taɓa su a watan Fabrairu.
Shuɗi gwamnati ce da harajinta.
Akwai ruwan lemo guda uku kacal
da bai taɓa gaya mini ma'anarsu ba,
ni ma ban tambaya ba. Aure ya gaji haka.

Sai shunayya,
na waɗanda teku ko asibiti ya riƙe.
Kwalekwalen na nan, bashin na nan, mai shi ba ya nan.
Ya ce: Nives, wannan launi ba a buga masa waya.

Bai rubuta a ko'ina ba.
Launin ne rubutun.

Na kira kamfani. Wani yaro mai ladabi
ya ce, uwargida, bayananki na nan lafiya, ba abin da ya ɓace.
Na ce, ɗana, an kwashe gishirin miya
kana nuna mini tukunya.
Ya ce sabon tsarin ya fi sauri.
Sauri zuwa ina?

Jikata Alenka ta biyo daga makaranta,
ta danna nan, ta leƙa can,
ta tono wasu ɗigo ƙanana kamar kashin ƙuda.
Ta ce, Kaka, ga launi, sai dai ki sake sawa da kanki.
Ɗaya bayan ɗaya, wai.
Alhali wanda ya san hanya yana kwance a maƙabartar Sant'Anna
tun hunturun bara waccan.

Ranar Juma'a na yi abin da nake gudu.
Na buɗe wani suna: Vascotto, gyaran farfela, yuro ɗari takwas.
Fari, kamar kowa.
Na buga. Mace ta ɗauka.
Na ce daga shagon gyaran jirage ne, kan lissafin maigida.
Shirun ya yi tsawo har na ji agogon bangonta.
Ta ce, shekara huɗu ke nan.
Na ce kuskuren lamba ne, ki gafarce ni.
Ta ce, a'a Nives, lambar ce.

Da yamma na sayo fensir shida a kantin lungu,
na fitar da sunayen kaf a takarda,
na zauna a kujerarsa mai gurguwar ƙafa.
Da shunayya na fara.
Goma sha ɗaya na tuna, na san sun fi haka.
Na ruwan lemon na fere shi, na ajiye gefe,
ban san kan wa zan ɗora shi ba.

Ƙarfe tara allon ya yi ƙyas,
wai akwai sabuwar sabuntawa:
yanzu, ko anjima?
Na duba sama da ƙasa.
Ba su sa madannin har abada ba.