Giram Ɗari Biyu da Arba'in da Tara

A Kaunas, cikin garejin da ya daɗe da manta mota,
kakana Algimantas ya girke sikelin marigayiya.
Da shi take auna fulawa ranar Asabar.
Yanzu sukurori ake ɗora masa, ɗaya bayan ɗaya,
har yau akwai farin gari a maƙale a gefensa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a kan tsani
yana gyaran wayoyin da bas-bas ɗin garinmu ke shan wuta.
Hannun nan yanzu ko cokali ya riƙe sai ya yi rawa.
Don haka muka raba aiki:
zaɓe nasa, narka dalma nawa.

Ni idona ya faɗa kan manyan injina masu ruwan zinari.
Ya sauke tabarau, ya ce, "Rugile,
babban inji babban ciki ne da shi,
kafin ki ce kwabo ya shanye batir."
Na ce to a sayi babban batir.
Ya ce, "Jakin da aka labta wa harawarsa,
me kuma zai ɗaukar miki?"

Haka muka ƙare lokacin kaka muna ciniki da nauyi.
Farfela mai inci uku, ba biyar ba.
Ƙashin jiki baƙi, siriri, mai taurin kai.
Ƙwaƙwalwa ba ta kai faɗin tambarin wasiƙa biyu ba.
Ya rantse abin ba zai taɓa ɗari biyu da hamsin ba.
Kaya suka taso daga Shenzhen, mako biyar a hanya,
ƙunshi ɗaya ya iso da mahaɗin da bai shiga ko'ina ba,
ya jefa shi a gwangwanin shayi, ya ce wata rana.

Waya uku-uku ga kowane inji, goma sha biyu ke nan.
Hayaƙin dalma ya sa ni hawaye.
Na ƙone babban yatsa sau biyu,
na ɓoye masa na farkon.
Da muka ɗora shi a sikeli allura ta yi ta shawara
sannan ta tsaya: saura giram ɗaya.

Watan Janairu muka fita kan tafkin da ya daskare.
Can nesa masu kamun kifi zaune a kan bokitai,
kowa da ramin da ya huda.
Kaka ya tura sandar da babban yatsa.
Abin ya yi kuka, ya ɗaga ƙafa ɗaya,
ya wuntsila, ya kwanta rigingine kamar buzuzu.

Na san aikina ne. Na yi shiru.

Ya durƙusa da ƙyar, ya hura kowace farfela,
ya sa a kunna a hankali, yana kallo.
"Wannan na gaba ya bi ra'ayin maƙwabcinsa.
Biyu dama, biyu hagu, haka ake so.
In duka huɗun suka yarda da juna,
ba inda za a je."
Waya biyu kawai na musanya.
Bai ce ke ce ba. Ya ce mu koma gida, akwai miya.

Lahadi ta zagayo, muka dawo.
Wannan karon ya miƙo mini na'urar, ya cusa hannu a aljihu.
Ya tashi.
Ba da wata bajinta ba, ya dai tashi,
ya tsaya daidai hular kaka yana ɗan lilo,
ƙanƙara tana tarwatsewa a ƙarƙashinsa kamar gari.
Wani mai kifi ya ɗago ya yi mana tsawa
wai muna korar masa abincin dare.

Minti huɗu da 'yan daƙiƙu, batir ya ce ya gaji.
Kaka na ta lissafi a bayan takardar magani:
in aka rage tsawon wayoyin nan,
in aka cire sukuru biyu...
Wayata ta yi ƙara. Mama ce.
Tana so a dawo da sikelin kafin Asabar.