Ɗinki Bakwai

Sun ce tsintacciyar mage ba ta mage.
Ni a kwata na tsinci tawa,
bayan shagona, nan Ƙofar Marusa,
daren da ruwa ya cinye gadar layinmu.
Sharkaf take, ba ta fi dunƙulen hannu ba.
Na naɗe ta da ragowar shaddar wani ango,
na raɗa mata Tsintuwa.

Shekara ba ta zagayo ba ta haihu,
biyar, cikin buhun ƙyallaye.
Rabe mai shayi ya karɓi ɗaya,
Inna Talle ɗaya,
uku suka rasa mai so.
Kafin azumi ta sake.
Kafin kaka ta kuma.
Shayarwa ta zuƙe ta
har haƙarƙarinta ya jeru kamar haƙoran zif.

Bari in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa:
wata asuba na zuba huɗu a kwalin taliya,
na kai bayan tsohuwar tasha,
na aje, ban waiwaya ba.
Kwana uku tana zagaye keken ɗinki,
tana kira, tana shinshina ƙafata.
Makon nan wuyan riga biyu na ɓata.

Likita Barira ta zo karɓar ɗinkinta,
ta ga muzurai uku bisa katanga
sun yi zaman jiran tsammani.
Ta ce, "Sallau, Laraba muna aiki a asibitin dabbobi.
Karo-karo muka yi, muka sayi magani da zare.
Dubu biyu. Wanda bai da ita ma ya zo."
Na ce, "Likita, sa ake kaiwa, da tunkiya.
Wa ke ɗaukar mage zuwa asibiti?"
Ta ce, "Wanda ya gaji da zubar da 'ya'yanta."
Allura ta shige ni a babban yatsa.

Na kwana ina juyi.
Rufe mata ƙofar haihuwa, ba zalunci ba ne?
Bayan isha'i na tare Malam Dikko da tambaya.
Ya daɗe yana neman takalminsa,
sannan ya ce, "Ina ƙananan nan huɗu?"

Laraba na iske layi ya miƙe har gindin darbejiya.
Wata tsohuwa da tata cikin kwandon wanki,
direban a-daidaita da muzuru mai kunne ɗaya
yana zagin kowa daga cikin kwali,
yarinya 'yar firamare riƙe da canji
a ƙulle cikin leda, tana ta ƙirgawa.
Ashe ba ni kaɗai ba ne.
Kowa na satar kallon kowa,
har dariya ta kubce mana.

La'asar suka miƙo min ita,
idonta rabi a rufe, cikinta a aske.
Sana'a ba ta barin mutum:
na duƙa na duba aikin.
Bakwai, a jere, ba tattara, ba tsalle,
ƙullin ƙarshe ya kwanta luf.
Shekara talatin ina bisa keke,
ban taɓa ɗinka abin da ke numfashi ba.
Na ce, "Likita, hannunki ya fi nawa."
Na biya nawa, na cika wa yarinyar ɗari uku.

Yanzu wata biyar.
Gashi ya rufe wurin, haƙarƙari ya ɓuya.
Muzurai sun sauya katanga.
Ɓera bai sake taɓa min atamfa ba.
Tana kwana bisa matakin keke,
sai na roƙe ta kafin in fara aiki.

Amma har yau in hanya ta bi da ni tsohuwar tasha
nakan rage tafiya,
ina duban kowace mage mai farin wuya
irin nata.