Takardar Likita da Ƙwaryar Nenne

Ran Talata na fito daga asibiti
da takarda a aljihu, ta fi guduma nauyi.
Likita ya ɗaure mini dantse,
ya hura, ya hura, ya dubi allura,
ya ce, "Malam Ɗan-Azumi, jini ya hau. Me kake ci?"
Na ce tuwo.
Ya ce, "Da me?"
Na yi shiru,
ƙamshin man shanu ya amsa daga gemuna.

Na ƙi hawa kabu-kabu,
na bi ta Birni a ƙafa don in yi fushina a natse.
Shekara arba'in ina dukanci a Damagaram,
fatar akuya ta san tafin hannuna,
kuma ban taɓa ɗaukar basilla da hantsi ba
sai fura ta riga ta sauka.

A kan hanyar kasuwar Dole
Nenne Boɗejo na zaune da ƙoranta huɗu,
kowace da faifai kamar mai jin kunya.
Ta dubi fuskata ta ce, "Wa ya mutu?"
Na ce, "Ni da nono ne, an raba mu."
Ta yi dariya, ta buɗe baki ta ce, "Ƙirga!
Wanne ya faɗi?
Uwata ta tsufa tana tatsa a rugarmu bayan Mirya,
ba ta san ƙofar asibiti ba.
Shi likitan naka da me aka rene shi,
da ruwan famfo?"

Na so in bi bayanta.
Sai dai uwarta na tafe da shanu tun asuba har almuru,
ni kuwa daga buzu sai masallaci,
daga masallaci sai buzu,
tumbi na gaba, ina biye.

Da dare Zuwaira, autata mai karatun jinya,
ta warware takardar a hasken waya,
ta bi Faransancin da ɗan yatsa.
"Baba, a ina aka ce nono?
Gishiri aka ce.
Man shanu, a rage.
Sukari..."
Nan ta ɗago kai.
Na dubi rufin ɗaki.
Ƙwaya biyar nake jefawa a kwanon fura,
shida in ba mai kallo.

Ta ce, "Kindirmo abinci ne, yana taimakon ƙashi.
Madara dai a tafasa ta kafin a sha.
Saniya ba ta yi maka kome ba,
hannunka za a kai ƙara."

Maƙwabcina Tankari ya leƙo ta katanga,
shi da ba a gayyata ba:
"Ni in na sha madara sabuwar tatsa
cikina ganga yake bugawa har asuba,
amma in ta kwana ta yi tsami, lafiya lau."
To, kowane ciki da alƙalinsa.

Washegari na koma wurin Nenne da ƙaramin kwano.
Ta harari kwanon, ta harare ni,
ta auna ludayi biyu,
ta ƙara rabi tana gunaguni.
Na dama ba sukari.
Kurɓin farko ya tsuke mini baki.
A na uku na ji abin da na shekara ina binnewa:
hayaƙin da aka gasa ƙwarya,
ɗanyar ciyawar bayan ruwa,
da wani tsami mai faɗin gaskiya.

Yanzu man shanu sai Juma'a,
shi ma bakin cokali.
Cukun Tanut in ya zo, nakan karya shi gida biyu,
babban ɓarin na jikana Lawwali ne,
shi da ƙashinsa ke kan gini.
Ƙaramin nakan jiƙa a shayi,
ina tauna, ina kallon takardar
da Zuwaira ta soke a ƙusa
daidai inda gwangwanin sukari yake a da.