Allura a Aljihun Jaka

Lawali ya kira daga Kwatano:
“Baba, hutun bana a kan teku za ka yi shi.
Jirgin maigidana iska ke tura shi,
ba inji, ba gora, ƙyalle kawai.”

Ƙyalle kawai!
Shekara talatin ina taka keke a Mokoyo,
ban taɓa ɗinka wa iska riga ba.

Barira ta shimfiɗa tabarma, muka zube kaya:
kilishi ƙunshi biyu, ƙuli-ƙuli a gwangwanin madara,
lemun tsami, wai saboda tashin zuciya
in ruwa ya fara rawa da hanjin mutum.
Ta sa babbar rigata, na cire.
Ta mayar.
“Da singileti za ka gaida teku?”

Ni ruwan da na sani gulbi ne,
ya zo da damina, ya yi wata uku,
ya bar mana yashi, amalanke ta bi ta kansa.
Sau ɗaya na hau kwalekwale a Madarunfa,
na riƙe gefensa har yatsuna suka sage.

In jirgi yana juyawa, ina alƙibla?
Malam Tsayabu ya ce in dubi rana,
in bar shi ya sha furarsa.

Zik ya ƙi rufuwa, Barira ta zauna kan jakar.
Motar asuba ce, Doso, sannan Gaya.
Da ta shiga ɗaki na buɗe aljihun gefe,
na soka babbar allurata da zare mai kauri.
In ƙyallen ya yage a tsakiyar ruwa,
a ce akwai tela a ciki.