Kundin Kawu Jatau

A ƙasan adakar da ya bari,
ƙarƙashin bargo da tsohon kwat,
na iske kundin Kawu Jatau.
Bangonsa kwalin sukari,
shafukansa takardar buhun siminti,
an haɗe su da zaren dukanci,
ɗinkin mutumin da bai saba da allura ba.

Masinja ne a kamfanin kuza, can Bukuru.
Kwandon sharar ofis shi ne kasuwarsa.
Ambulan da Bature ya yaga ya yar,
Kawu ya tsince, ya kara a bakin butar shayi
har tururi ya saki kan sarki,
ya shanya bisa faifai kamar mai shanyar kuɓewa.

Ni ban san kansu ba.
Kawuna dai na gani: mai gemu, mai sanƙo, mace da kambi,
ahu, taro, sisi, sule,
kuɗin da suka bar kasuwa tun ban zo duniya ba.

Aka ce in nemi Baba Davou a Nasarawa Gwom,
shekara talatin ya yi yana buga hatimi a gidan waya.
Ranar ana yayyafi, sanyin Jos har cikin ɓargo,
na naɗe kundin a leda, na rungume kamar jinjiri.

"Janye yatsanki," ya ce, "gumi maƙiyinsu ne."
Ya ɗauko matsefata da gilashin ƙara gani,
ya bi haƙoran gefe yana ƙirgawa
kamar dillali a bakin rago.
Ɗaya da ya ɓalle don kansa
ya ɗaga shi ga hasken taga:
ashe da wani tambari kwance a cikin takardar,
ba ya fita sai haske ya tona shi.

"Wannan daga Saliyo, jirgin ruwa ya hawo.
Wannan Barikin Ladi, dubi hatimin, kin ga shekarar.
Wannan mai hoton masu haƙar kuza
har bakwai kawunki ya jera,
ko fuskar wani yake nema a ciki, oho."

Na tambayi abin da ya kawo ni.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ƙaro ya cinye bayansu, asu ya gaigaye gefe.
Kundin kaf ba zai sayi buhun dankali ba."

Sai ga mu a shafi na sha tara.
Gurbi guda fayau, ya fi sauran takardar haske,
a ƙasansa ajami da fensir, ya kusa shafewa.
Baba Davou ya miƙo gilashin:
"Wannan kam karatunku ne."
Na haɗa baƙi da wasali a hankali:
"Sabo ne, ba hatimi. Na cire ran Laraba,
na aika wa Inna a Ringim. Ba a biya mu ba."

Ruwa ya tsananta a kan kwano.
Ya tashi ya ɗora mana shayi,
ni kuwa na kasa juya shafin.

Yanzu kundin na cikin akwatin ƙarfe
bisa kanta, nesa da bangon da ke jan danshi.
Tsakanin shafi da shafi farar takarda shara-shara,
a kusurwa ƙullin kanumfari saboda ƙwari.
Ba gam, ba salatif, ba yawu,
haka tsohon ya ja mini kunne.
In damina ta ɗauke
nakan buɗe shi a inuwa ya sha iska.

Ɗana Nafi'u ya ce mu nemo wani mu liƙa,
wai shafin ya yi giɓi kamar bakin tsohuwa.
Na ce a'a, bar shi.
Duk sauran nan zuwa suka yi.
Shi kaɗai ne ya tafi.