Fiton Aslak

Ƙarfe biyu da rabi na dare
ƙararrawar ɗaki na tara ta yi kuka.
Na zaci ruwa yake so, ko ƙwayar barci.
Na tarar da Aslak a bakin gado, safa ɗaya a ƙafa.
Ya ce, Gunnvor, wutar sama ta fito, ko?
Na ce, wa ya faɗa maka?
Ya ce, karnukan Nilas sun yi tsit.

Dokar gidan ta hana fitar da tsoho cikin irin wannan sanyi.
Na naɗe shi da bargo uku,
na tura kekensa ta ƙofar baya, inda muke tara shara,
tayoyi suna ƙaras-ƙaras a kan dusar ƙanƙara.

Berlevåg ta yi barci.
Jiragen su huɗu a ɗaure, suna gogar juna a hankali.
Shekara shida ke nan da yana ta rufe masa ido.
Ya ɗaga haɓa, ya ce, to, ba ni labari.

Na ce, kore.
Ya ce, koren me? Kada ki yi mini rowa.
Na ce, koren kwalba in an ɗaga ta gaban fitila.
A'a, dakata, yanzu ta zama labule
da aka manta taga a buɗe bayansa.
Gefenta na ƙasa ya ɗauko ja-ja,
irin na cikin kifi da aka tsaga yanzun nan.
Kafin in rufe baki ta sake kama.
Duk kalmar da na kamo,
sai in tarar abin ya bar wurin.

Can bayanta Kaza da 'ya'yanta na kiwonsu,
ko a jikinsu.

Ya ce, uwata takan finciko ni cikin tanti.
Kada ka yi mata fito, kada ka nuna ta da yatsa,
in ta ji ka, sai ta sauko ta ɗauke ka.
Shekara tamanin da bakwai ina kiyayewa.
Mihkku ƙanena teku ta ci shi, bai yi fito ba.
Risten ta tafi a gadon asibitin Kirkenes,
ita ma ba ta yi ba.

Sai ya lashi leɓe.

Ba haƙoran gaba, iska ce kawai ta fara fita.
A karo na biyu sauti ya zo,
siriri, kamar na buta gab da tafasa,
ya haye rufin masana'antar kifi, ya ɓace.

Ni fa na yi karatu.
Na san ɓurɓushin rana ne ke karo da iskar can sama,
na taɓa zana shi a takardar jarrabawa.
Amma na ƙanƙame hannun keken nan
har yatsuna suka mutu.

Ya ce, ta sauko?
Na ce, ta ɗan sunkuyo.
Ya ce, gaskiya dai.
Na ce, ta juya, ta nufi teku.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, kin gani? Ita ma ba ta so na.
Mayar da ni, ƙafata ta daskare.

Na dafa masa gahawa, da sukari biyu da likita ya hana.
Bai kai rabin kofi ba ya ɓingire.
A littafin aiki na rubuta:
Ɗaki na tara, lafiya lau, ya kwana.

Ƙarfe bakwai na miƙa makullai na fito.
Rana ba za ta leƙo ba sai bayan mako biyar.
Saura ɗan kore-kore a kan tsauni,
kamar abin da aka goge bai gama gogewa ba.
A wajen gada na ji na tsuke baki,
iska ta taru a bayan haƙorana.
Na haɗiye ta,
na ƙara sauri.