Tawadar Allah

Sana'ata gyaran tsofaffin hotuna,
a ɗakin sama, kan wani tudu na Valparaíso,
inda tagata ke kallon jiragen dakon kaya
sun yi layi a bakin teku kamar shanu a mashaya.

Ran Talata Clorinda ta hawo matakala tamanin
da hoton mijinta cikin ambulan.
Masunci ne, teku ta riƙe shi shekara goma sha tara.
Gishiri ya ci gefen hoton, danshi ya cinye hular.
Ta ce, "Fuskar kawai za ki maido min, Herminia,
sauran na haddace."

Na ɗora shi a kwamfuta, na ɗinke tsaga, na cike rami,
sai ga baƙin ɗigo a kuncinsa na hagu,
bai kai ƙwayar riɗi ba.
Na goge, yana nan.
Na sake gogewa, yana nan daram.
Na buga mata waya: "Yana da tawadar Allah a kunci?"
Ta yi shiru har ina jin kukan firjinta.
Can ta ce, "Ban tuna ba."

Bayan ta ajiye na ja hoton gefe.
Mutumin ya matsa, ɗigon bai matsa ba.
Ashe a gilashina yake.
Na jefa tsohuwa cikin shakkar fuskar mijinta a banza.

Nibaldo mai karɓar gyara ya gyara zaman tabarau,
ya mai da allon fari, ya mai da shi ja, kore, shuɗi,
ya ce, "Ɗigon haske ne ya mutu. Ɗaya tak.
Takardar garantinmu ta ce sai sun kai biyar."
Na ce, "To in koma in jira 'yan uwansa su mutu?"
Ya fara dariya, ya ga ba ta da abokiya, ya haɗiye ta.

Na jira.
Ruwan Yuni na dukan kwano, ni ina ƙirga gawa.
Biyu. Uku. Na huɗu a kusurwa, kusa da agogo.
Ranar da na biyar ya faɗi, Allah ya yafe min,
sai da na taka rawa da silifa ɗaya.

Aka kai ta Santiago, kwana ashirin da uku.
Na ari ta ɗan maƙwabciya, mai warin taba,
wadda harafi ɗaya ke maƙalewa.
Tawa ta dawo a kwali da hatimi: an gyara.
Mako biyu lafiya lau,
sai ga kore guda yana ƙyalli kamar idon mage a duhu.
Wannan bai mutu ba, in ji Nibaldo, barci ne ya ƙi.
Aka sake kai ta. Aka sake dawowa. Aka sake.
Yanzu ya san sunan karena,
yana tambayar gwiwata in na shigo.
Rasit uku na manne a ƙofar firji,
garanti saura kwana goma sha ɗaya.

Clorinda ta zo karɓar hoto jiya.
Na wanke shi tas a takarda mai kauri, ba tabo ko ɗaya.
Ta kai shi bakin taga, ta daɗe,
ta ɗora ɗan yatsa a kuncin hagu.
"Kin cire ta? Ai na tuna daga baya.
Yana da ita, nan daidai. Nakan taɓa ta in yana barci."

Bakina ya buɗe, na rufe shi.
Na ɗauko alƙalami mafi sirin baki,
na ɗiga masa inda yatsanta ya nuna.
Ta ce, "Yauwa. Shi ne."

Da dare na kunna allon, fari fat,
na kusanto da fuska ina dubawa.
Ga shi can sama, wajen dama.
Ɗaya.
Saura huɗu.